Jinin da ke Jira a Firigo

Ledar jini idan ta kwana biyu a tsaye cikin firigo ba wanda ya motsa ta, gida uku take rabuwa. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ja mai duhu har yana neman komawa baƙi. Ruwan jini ya taso sama, ruwan ɗorawa, garai da shi. A tsakaninsu akwai wani siririn layi fari-fari, sai ka ɗaga ledar wajen haske ka ƙura ido kake ganinsa. Nan fararen ƙwayoyin jini suke taruwa, tare da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke toshe rauni su tsayar da zubar jini. A Faransa tun 1998, a Birtaniya da Kanada tun 1999, ƙa'ida ce a tace fararen nan a fitar da su kafin a kai leda ma'ajiya. Mu a nan Nijar, kamar yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, da su muke ajiye jini, da su muke ƙara wa mutane.

Ni ɗan Kurfai ne, yankin Filinge, kuma aikin ɗakin gwajin jini na yi har na yi furfura. Idan na ji ana zancen tace jini, Filinge nake hangowa, a bakin Dallol Boso, da kilomita wajen 180 da ke tsakaninta da Yamai ta hanyar Baleyara. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero ke fidda kai, sauro ya cika tafkunan dallol, za ka ga ana sauke yara daga amalanke da babur, daga Shikal, daga Tukunus, daga Bonkuku, wasu har daga wajen Abala da Sanam. Tafin hannunsu da cikin idonsu sun yi fari fat, suna numfashi sama-sama. Bayansu ga mai jego da jini ya ɓalle mata. Ga kuma yaro mai amosanin jini, wato sikila, wanda uwarsa ta san ma'aikatan ɗakin gwaji da sunayensu saboda yawan zuwa. A kan waɗannan mutane jinin da ake bayarwa a ƙasarmu yake ƙarewa.

Abin da muka saba shi ne a nemo ɗan uwa. A aika gona ko kasuwa a kira kawu, a duba rukunin jininsa, a auna shi a kan ciwo huɗu: sida, ciwon hanta na B da na C, da tunjere. Sannan a ɗiba, a gwada ko ya dace da na mara lafiya. Ko komai ya tafi daidai sai an ci awoyi. Yaron da jininsa ya sauka ƙasa da giram 4 a ma'aunin likita, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara masa ba jira, sau da yawa ba shi da waɗannan awoyi. Ledar da aka riga aka auna, tana zaune cikin sanyi, ita ke fitar da shi. Shi ya sa ingancin jinin ajiya ya fi shafarmu fiye da mutanen birane masu bankin jini a bayan ɗaki.

Wata damina wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa, ya riga ya naɗe hannun rigarsa tun kafin a ce masa komai. Ya ce, "Ɗana, ga ni tsaye da jinina mai ɗumi. Don me za a sa wa jikana wanda ya yi mako uku cikin sanyi? Ai ya mutu." Na ce, "Baba, naku ma muna so, kuma za mu ɗiba. Amma kafin a gama auna shi rana ta faɗi, yaron nan kuwa ba zai kai ba." Ya yarda, ba don ya gamsu ba. Tambayarsa ta gaske ce, kuma ta fi ƙarfin amsar da ake bayarwa a tsaye.

Jinin leda bai mutu ba, tsufa yake yi. Mililita 450 ake ɗiba, ya gauraya da mililita 63 na wani ruwan magani da ke cikin ledar tun daga masana'anta, ana ce masa CPDA-1. A cikinsa akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa, da sukarin da ƙwayoyin za su ci, da wasu biyu masu taimaka musu su riƙe ƙarfinsu. Da wannan ruwa, cikin sanyin digiri 2 zuwa 6, leda na kai kwana 35. An daɗe kafin a kai nan. A 1917, a fagen yaƙin duniya na farko a Faransa, likitan Amurka Oswald Robertson ya fara tara jini a kwalabe cikin akwatin ƙanƙara. A 1943 Loutit da Mollison a Ingila suka fito da ruwan da ya riƙe jini mako uku. Kwana 35 sai ƙarshen shekarun 1970.

Duk tsawon kwanakin nan ƙwayoyin na raye. Suna cin sukari suna fitar da tsami, babu hanta babu ƙoda da za su kwashe, sai jinin ya riƙa ƙara tsami. Gishirin fotasiyom da ke cikin ƙwayoyi yana tsiyayowa waje: ranar ɗiba wajen 4 yake a ma'auni, a ƙarshen wa'adi ya haura 25. Dalili ke nan da ake nemar wa jariri sabon haihuwa leda mai 'yan kwanaki idan da yawa za a ba shi. Akwai wani sinadari, 2,3-DPG, wanda ke sa ƙwaya ta saki iskar oksijin ga naman jiki. Bayan mako biyu zuwa uku ya kusa ƙarewa, ko da yake yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan jinin ya shiga jiki. Ƙwayar da ta saba lanƙwasawa ta bi jijiya mafi siranta sai ta fara tauri, ta yi ƙaya-ƙaya a ƙarƙashin madubin likita, wasu su fashe. Masu sa ido sun gindaya iyaka. A ranar ƙarshe, waɗanda suka fashe kada su wuce kashi 0.8 cikin 100 a ƙa'idar Turai, kashi 1 a ta Amurka. Kuma kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka ƙara su kasance suna yawo a jikin mutum bayan awa 24. Ka ga ke nan dattijon yana da 'yar gaskiyarsa: a ledar da ta kai ƙarshen wa'adi, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ba sa daɗewa a jiki.

To, ina fararen ƙwayoyi suka shigo? A leda guda akwai su biliyan biyu zuwa uku. A jikin mai su, su ne masu gadi. A leda ba su da wanda za su kare, kuma da yawansu ba sa jure sanyi. Cikin 'yan kwanaki su fara mutuwa suna farfashewa, suna zubar da abin da ke cikinsu: sinadaran narkarwa da suka tanada don kashe ƙwayoyin cuta, da masu tayar da zazzaɓi. Na farkon suna taɓa fatar jajayen ƙwayoyin da ke kewaye da su. Na biyun suna taruwa cikin ruwan jini suna jiran mara lafiya.

Duk wanda ya taɓa gadin dare a ɗakin yara ya san abin da ke biyo baya. Rabin awa ko awa guda da sa jini, yaro ya kama rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, jiki ya yi rau. Uwa ta miƙe tsaye tana salati. Dole a tsayar da jinin, domin da ido ba a rarrabe wannan zazzaɓi mara haɗari da babban bala'in jinin da bai dace ba, ko ledar da ƙwayar cuta ta shiga. A sake duba takardu, a sake gwaji. Kafin a gama, sau da yawa sauran ledar ta tafi a banza, yaron kuma rabin abin da yake bukata ya samu. Mafi yawan irin wannan zazzaɓi daga fararen ƙwayoyi ne da abin da suka zubar. Kuma jikin da aka sha ƙara masa jini yana koyon gane fararen ƙwayoyin baƙi, karo na gaba ya fi saurin tayar da hankali. A cikinsu kuma wata ƙwayar cuta, CMV, take ɓuya. Babba mai lafiya ba ya ma sanin yana ɗauke da ita, amma ga bakwaini babbar magana ce.

Matacin kansa bai fi tafin hannu ba. Roba ce da aka cika da lallausan zare hawa-hawa, a manne a bututun da ke tsakanin leda biyu. A rataye mai jini a sama, a ajiye wofin a ƙasa, jini ya gangaro da nauyinsa, ba inji ba wuta. Jajaye su lanƙwasa su wuce. Farare su maƙale, wasu don girmansu, wasu don suna mannewa a zaren. Sama da 999 cikin 1000 ake kamawa. Abin da ya rage a leda kada ya kai miliyan ɗaya a ƙa'idar Turai, miliyan biyar a ta Amurka.

Amma duk amfanin yana rataye ne a kan lokacin da aka tace. Akwai matacin da ake sawa a bakin gadon mara lafiya, jini na shiga ana tacewa. Manomin wake ya san matsalar wannan: tsince ƙwari ranar dahuwa ba ya mayar da abin da suka ci a buhu. Idan fararen sun riga sun farfashe, gutsattsarinsu da sinadaransu wucewa suke yi ta mataci. Saboda haka a Birtaniya cikin awa 48 da ɗiba ake tacewa. Garaje ma ba shi da kyau. Idan aka bar jinin 'yan awoyi, fararen suna haɗiye 'yan ƙwayoyin cutar da suka biyo allura daga fatar mai bayarwa, sai mataci ya kwashe su tare da abin da suka haɗiya.

Jinin da aka tace da wuri yana kai ƙarshen wa'adinsa da ƙarancin fasassun ƙwayoyi, babu 'yan dunƙule-dunƙulen da ke toshe bututu, zazzaɓin ƙarin jini kuma ya ragu sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai masu tallar mataci ba sa son daɗewa a kan sauran. Fotasiyom na nan yana tsiyaya, 2,3-DPG na nan yana ƙarewa. Wajen kashi ɗaya cikin goma na jajayen ƙwayoyi a cikin matacin suke tsayawa. Sida da ciwon hanta wucewa suke yi. Zazzaɓin cizon sauro ma haka, domin shi a cikin jajayen ƙwayoyi yake zaune. Abin da aka ga ya rage wannan wata dabara ce dabam: a Kumasi, asibitin Komfo Anokye, an zuba bitamin B2 cikin ledar cikakken jini aka haska ta da haske na musamman, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kamuwa da zazzaɓin ta hanyar ƙarin jini ya sauka daga kashi 22 zuwa kashi 4 cikin 100. Ita ma Birtaniya abin da ya ingiza ta tace kowace leda tsoron ciwon haukan shanu ne, wanda ba shi ne damuwarmu ba.

Amsar da ta fi dacewa da dattijon nan daga Kampala ta fito. A asibitin Mulago, Dokta Aggrey Dhabangi da abokan aikinsa sun ɗauki yara 290 masu tsananin ƙarancin jini, yawancinsu zazzaɓin cizon sauro ko sikila, waɗanda jikinsu ya riga ya fara tara tsami don rashin oksijin. Rabi aka ba su jajayen ƙwayoyi masu kwana 1 zuwa 10, rabi masu kwana 25 zuwa 35, duka tatattu. A 2015 aka buga sakamakon: tsamin ya sauka daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Tsohon jini ya kai oksijin inda ake bukata. Wani babban bincike a Yuganda da Malawi, a kan yara kusan 4,000, ya nuna cikakken jini bai gaza jajayen ƙwayoyin da aka ware daga ruwan jini ba wajen ɗaga jinin yaro. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitocin gunduma, inda cikakken jinin shi ne abin da ke hannu.

Ga mai jego kuwa maganar ta sha bamban. Darajar cikakken jini a wurinta ita ce yana kawo komai a tare: jajayen ƙwayoyi, ruwan jini da sinadaransa na daskarwa, da 'yan ƙwayoyin toshe rauni. Matacin da aka saba da shi har waɗannan na ƙarshe yake kamawa. Da sojojin Amurka suka koma ga cikakken jini a Iraƙi da Afganistan, asibitoci irin su Haukeland na birnin Bergen a Norway suka bi sahu, sai aka koma ga wani mataci na kamfanin Terumo mai barin su su wuce. Ko shi yana rage wasu, kuma yana da tsada. A ganina, matar da ke zubar da jini ƙarfe biyun dare ba ta rasa komai ba idan ledarta ba tatacciya ba ce. Wataƙila ma ta ci riba, musamman idan ledar ba ta daɗe ba.

Yanzu ga abin da ya fi zama namu, wanda littattafan Turai ke wucewa a layi biyu. A Nijar, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS. Lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana kokawa, yana ba da jini. Amma idan jininsa ya shiga leda, ga tsamin ruwan magani ga ƙarancin oksijin, wasu ƙwayoyinsa sai su ƙage. A jijiyarsa ba su dame shi ba, a cikin zaren mataci sai su tsaya cik. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan rabin ledojin AS suna toshe mataci, kuma cikin waɗanda suka wuce akwai masu fitowa da fararen ƙwayoyi fiye da ƙa'ida. A ƙasar da AS ɗaiɗaiku ne, wannan ƙaramar asara ce. A Kurfai, idan aka ce a tace kowace leda ido rufe, to kusan leda ɗaya cikin goma za ta maƙale a rataye, rabi a sama rabi a ƙasa. Mu da muke roƙon jini gida-gida ba mu da wanda za mu zubar haka.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne mafitar tana cikin matsalar. Wanda ya fi kowa bukatar tataccen jini shi ne wanda za a yi ta ƙara masa shekara da shekaru, yaron sikila. Shi kuma dama jinin AA, wato na wanda ba ya ɗauke da gadon sikila, aka fi so a ba shi, jinin da ke bi ta mataci salin-alin. Saboda haka a auna masu bayarwa tun ranar ɗiba. Gwajin Emmel, ɗigon jini da ɗigon magani a kan gilashi a ƙarƙashin madubi, ƙananan ɗakunan gwaji ma sun iya shi. A rubuta AA ko AS a jikin leda. Cikin na AA a ware waɗanda za a tace don masu sikila da bakwaini. Na AS su zauna cikakku don masu jego da yaran damina da waɗanda suka yi hatsari a hanya. Kada a kori mai AS, jininsa na ceton rai kamar na kowa. Kuma iyayen masu sikila su sani mataci ba ya hana jiki ƙin jajayen ƙwayoyin da ba su yi daidai da nasa ba a ƙananan rukunoni irin su Rhesus da Kell; wannan sai da zurfin gwajin dacewa.

Tacewar kuma wurinta Cibiyar Ƙarin Jini ta Ƙasa da ke Yamai, da rassanta na jihohi, inda ake ɗibar jini da yawa a rana guda kuma akwai mai bin diddigi. Tataccen jinin da ba a ƙirga abin da ya rage a cikinsa ba, suna ne kawai. Ƙirgar ba sai da babban inji ba. Akwai wani gilashin ƙirga mai zurfi, Nageotte, da madubin likita da mutum mai haƙuri.

Duk wannan kuwa yana bayan sanyi. A Afrilu da Mayu zafin Filinge na haura digiri 40, ledar jini kuma tana son 2 zuwa 6, dare da rana, ko wuta ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba. A hanya kada ta wuce 10. Idan ta fito daga firigo ta haura minti 30 a waje ba ta komawa, kuma cikin awa 4 za a gama sa ta. Zafi na haɓaka ƙwayoyin cuta, kowa ya san wannan. Wanda ba a cika sani ba shi ne ɓarnar sanyin da ya wuce kima. Na taɓa buɗe akwatin sanyi da aka kawo daga nesa, na tarar an kwantar da leda kai tsaye a kan robobin ƙanƙara, ba kwali ba tsumma a tsakani. Wanda ya shirya shi alheri ya nufa. Da ledar ta kwanta, ruwan saman ya fito ja-ja: ƙwayoyin gefen da ya taɓa ƙanƙara sun daskare sun fashe. Mutum ya bar aikinsa ya miƙa hannu, an ƙona mai an kawo, ƙarshenta ramin ƙona shara. Haka mai tsoma leda cikin ruwan zafi wai don ta yi ɗumi kafin a sa wa yaro. Babu matacin da ke gyara waɗannan. Da za a ba ni kuɗin abu ɗaya, firigon jini mai aiki da hasken rana zan fara saye, mai ƙararrawa, da takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma.

Kuma mataci ba ya ƙara wa leda ko kwana ɗaya. Wannan lissafi ne da ya kamata masu shirya gangami a Filinge su riƙe. Ranar masu ba da jini ta duniya 14 ga Yuni ce, ana taro, ana jawabi, matasa na bin layi. Ledar da aka ɗiba ranar, wa'adinta 19 ga Yuli yake cika, tun zazzaɓin damina bai kankama ba. Wadda aka ɗiba 1 ga Agusta ta kai 5 ga Satumba, ɗakin yara kuwa sai Oktoba yake lafawa. Ga shi lokacin nan ne majiya ƙarfi ke gona, wasu ma zazzaɓin ya kwantar da su, 'yan makaranta na hutu. Namiji mai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu. Abin da ake bukata shi ne a raba masu bayarwa rukuni-rukuni tun kafin ruwa ya sauka, da lambar wayar kowa da rukunin jininsa da AA ko AS ɗinsa, wasu su zo tsakiyar Yuli, wasu tsakiyar Agusta, wasu tsakiyar Satumba.